Tauye Mudu a Kantin Bature

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa ba a shiga kasuwa hannu rabbana, ko da aljihu cike yake da kuɗi. Daga Dawanau har zuwa 'yar kasuwar ƙauyen da ke ci mako-mako, mai saye yana tafe ne da makaman da ya gada kaka da kakanni. Yana da bakin tayi: mai kaya ya yanka farashi, shi ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya juya kamar zai tafi, a kira shi, har a daidaita. Yana da ido a kan mudu, domin babu uwar gidan da ba ta san tiyar da aka bubbuge gindinta ba, ko hannun da ke awo ya yi tozo da wanda ke shafe baki. In ciniki ya faɗa kuma ya nemi gyara. Ba na cewa babu ha'inci a kasuwanninmu. Akwai shi jingim. Amma ha'incinmu yana da suna, yana da fuska, kuma wanda aka kama da shi yakan sunkuyar da kai.

Ƙarar da na kawo a wannan rubutu ta manyan kantunan ƙasar Ingila ce, inda na shafe shekaru ina cefane. Zargina shi ne sun karɓe wa mai saye waɗannan makamai gaba ɗaya, suka miƙa masa wani jan kwali mai ɗauke da kalmar rangwame, suka ce ya riƙe ya ishe shi. Babu wanda za ka taya, domin kanta ba ta magana. Babu mudun da za ka duba, domin an riga an ƙulle kaya cikin leda da kwali tun daga masana'anta. Abin da ya rage shi ne rubutu, kuma mai kaya ne ya rubuta shi.

Baƙo makahon gari ne, in ji masu iya magana, amma makantar ɗan'uwanmu da ya sauka Landan ko Birmingham ta fi ta sauran baƙi tsanani, saboda ya taho da wata aƙida wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma ta zauna daram a zukatanmu: wai kayan Bature ba algus, farashin Bature ba ƙarya. Mutumin da zai yi rabin sa'a yana jayayya a Kantin Kwari a kan yadi biyar, shi ne zai ga an rubuta "rabin farashi" ya miƙa hannu ko tambaya babu. Ga shi kuma kuɗin da ke hannunsa ba na wasa ba ne. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu sa'o'i 20 kacal doka ta yarje masa ya yi aiki a mako lokacin da makaranta ke ci. A watan Afrilun 2024 mafi ƙarancin ladan sa'a ga wanda ya kai shekara 21 ya zama fam 11.44. Ke nan duk fam 3 da ta sulale a banza, kimanin minti 15 ne na tsayuwa a ma'ajiyar kaya cikin sanyi, ko na ɗawainiya da tsofaffi a gidan kula da su. A cikin abin da ya rage za a biya haya, a ci abinci, a tura wa na gida. Wanda ya zo a 2023 kuwa ya haɗu da gobara biyu: a watan Maris tsadar abinci a Birtaniya ta haura kashi 19 cikin 100 a shekara guda, abin da aka yi shekaru fiye da 40 ba a gani ba, sannan daga watan Yuni naira ta kama gangara, kuɗin da iyaye suka tara suka narke kamar ƙanƙara a rana. A irin wannan hali ne jan kwali yake yi wa mutum murmushi.

Mu fara da sarkin dabarun, wato rabin farashi. A watan Agustan 2013 wata kotu a Birmingham ta ci Tesco, wanda ya fi kowane kanti girma a ƙasar, tarar fam 300,000. Laifinsa shi ne a 2011 ya sayar da 'ya'yan sitiroberi a kan fam 1.99 da tambarin rabin farashi, wai an sauko da su daga fam 3.99. An shafe makonni 14 ana wannan garaɓasa, alhali kwanakin da aka sayar da su a tsohon farashin ba su kai ko kusa da haka ba. Kamfanin ya amsa laifi ya ba da haƙuri. Abin lura, ba wani jami'i ne ya fara gano zancen ba. Wata dattijuwa ce mai cefane ta lura, ta kai koke ga hukumar birnin. Domin a gane girman rainin hankalin, sai a kwatanta da mai tumatir a Kano wanda zai jira lokacin sanyi, sa'ad da tumatirin noman rani ya cika kasuwa har ana rasa inda za a zuba shi, ya ɗaga allo ya ce ya yi maka rabin farashi, yana auna ragin da tsadar damina. Sitiroberi a Ingila lokacin bazararsu yake yawa, lokacin ne kuma yake araha da kansa, ko da kwali ko babu.

Wani zai ce ai mu ma haka muke yi: ɗan kasuwa yakan fara da farashin da ya san ba za a saya ba. Gaskiya ne, amma akwai bambanci mai girma. A wurinmu mai saye da mai sayarwa duk sun san farashin farko buɗe baki ne kawai, kuma kowa yana da damar mayar da martani. A kantin Bature mai kaya ne yake yanka farashi, shi yake taya wa kansa, shi yake sallamawa, sannan ya juyo ya taya ka murnar cin riba a cinikin da ba ka ce uffan a cikinsa ba. Lambar da aka ja wa layi a tsakiya aikinta ɗaya ne: ta zauna a ƙwaƙwalwarka ta zama ma'auni, ta yadda duk abin da ya gaza ta zai yi kama da alheri.

Shari'ar sitiroberi ba ita ce ƙarshen magana ba. A watan Afrilun 2015 ƙungiyar kare masu saye mai suna Which? ta shigar da babban koke gaban hukumar kula da gasa da kasuwanni ta ƙasar a kan yadda kantuna ke sa farashi. Hukumar ta ba da amsa a watan Yuli: ta ga misalan da ke iya rikita mai saye ko ɓatar da shi, sai dai ba ta ga alamar cewa abin ya game ko'ina ba. Masu kare kantuna sun riƙe rabin jimlar na biyu suna ta yayatawa. Ni kuwa na farkon ne ya dame ni, domin mai cefane ba ya sayen "ko'ina", kwalin da ke gabansa yake saye, kuma babu wata alama a jikinsa da ke nuna ko yana cikin na gaskiya ko yana cikin na bogi.

Sai dabarar tara-ka-samu. A ce gwangwani ɗaya fam 1.75 ne, aka rubuta uku a fam 5. Fam ɗaya kwabo 100 ce, saboda haka ragin duka-duka kwabo 25 ne, amma domin ka same shi sai ka fitar da ƙarin fam 3.25 a kan abin da ka shigo saye. In shinkafa ce ko man girki da sauƙi, za su jira ka. In madara ce ko ganye ko burodi, kai kuwa ɗaki ɗaya gare ka da rabin kanta a firijin da kuke tarayya da mutum huɗu, to na ukun kwandon shara ka saya wa. Shi kansa Sainsbury's ya daina irin wannan tayi a 2016, yana mai cewa masu saye sun koka da yadda yake rikita su da kuma jawo musu ɓarna. Idan mai dawa da bakinsa ya ce akwai tsakuwa a ciki, ban ga dalilin da mai saye zai yi musu ba. Nan ma akwai inda tarbiyyarmu take kai mu ta baro. Mun saba da cewa sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, buhu ya fi mudu, mudu ya fi gwangwani. Wannan doka ba ta tsallaka teku ba. Na sha tsayawa gaban kanta na ga ƙaramin ƙunshi, musamman ranar da aka yi masa ragi, ya fi babban araha in aka bi kilo da kilo, ga shi kuwa babban ne aka yi wa ado da sunan na iyali.

Amma duk waɗannan wasan yara ne in aka kwatanta da abin da na ɗauko sunan rubutun nan daga gare shi. A 2016 masu yin cakulan ɗin Toblerone suka rage nauyinsa a Birtaniya: mai giram 170 ya koma 150, mai giram 400 ya koma 360. Tsawon kwalin bai canza ba. Abin da suka yi shi ne faɗaɗa gibin da ke tsakanin tsaunukan cakulan ɗin, ta yadda sai ka kai gida ka buɗe kafin ka ga an sayar maka da iska. Jama'a suka yi ca, aka yi ta ba'a, har daga baya aka mayar da tsohuwar siffar. An kama Toblerone ne domin gibinsa a fili yake. Wa zai kama garin sabulun da aka rage masa wanki uku, ko takardar bayi da aka zare mata 'yan falle, ko kwalbar da aka ƙara wa lotsawa a gindi? Wannan lotsawar kuwa ita ce dai bugun gindin tiya da iyayenmu mata suka sani, sai dai wannan injiniya ne ya zana ta. Za a ce masana'anta ce ta rage, ba kanti ba. To wa ya jera kayan a wuri ɗaya, a farashi ɗaya, ya yi shiru? A Faransa tun daga 1 ga Yulin 2024 doka ta tilasta wa manyan kantuna su manna sanarwa na tsawon wata biyu a gaban duk kayan da aka rage wa yawa alhali tsadarsa ta ƙaru. Ashe dai ana iya faɗa.

Duk da haka akwai mudu a kantin Bature, kuma shi kaɗai ne abin da na yarda da shi a cikin ginin. Wata doka ta 2004 ta wajabta wa manyan kantuna su rubuta, ban da farashin ƙunshi, nawa kayan ya kama a kan kilo ko lita ko giram 100. Wannan lamba ba ta san ado ba, ba ta san girman kwali ba, ba ta san ko an rage nauyi jiya da dare ba. Abin da ka biya da abin da ka samu kawai take faɗa. To ina aka ajiye ta? A can ƙasan takardar farashi, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, inda sai ka durƙusa ko ka ciro tabarau, yayin da kalmar ragi ke bisa da haruffa kamar na allon talla. Ko a nan ma ba a bar ta ta huta ba. Za ka ga tuffa a leda an yi lissafinta da ɗai-ɗai, ta zube a gefenta an yi da kilo. Wannan kwalba da giram, maƙwabciyarta da mililita. A watan Yulin 2023 hukumar gasar ta sake dubawa, ta tarar da wuraren da lambar ba ta nan, da inda aka yi kuskuren lissafi, da inda ma'aunan suka saɓa wa juna. Kusan shekara 20 bayan kafa doka, kamfanonin da kwamfutarsu ta san adadin ƙwan da ya rage a kowane reshe sun kasa raba farashi da nauyi. Wanda ya ga dama ya yarda cewa mantuwa ce.

Sabon yayi shi ne katin ɗan gida. Tesco ya fito da Clubcard tun 1995, a matsayin katin tara maki. Yanzu ya zama mabuɗin farashi na biyu, kuma a 2023 Sainsbury's ya bi sahu da katinsa na Nectar. Kaya ɗaya, kanta ɗaya, farashi biyu: na mai kati da na bare. A nan dole in yi adalci, domin hujja mafi ƙarfi da masu kare kantuna ke da ita tana nan. A watan Nuwamban 2024 hukumar gasar ta bayyana cewa ta bincika kaya kusan 50,000 masu farashin kati, ta tarar kashi 92 cikin 100 ragin gaske ne in aka gwada da farashin da kantin ya saba sayarwa. Na karɓi wannan sakamako, ban da wata hujjar ƙaryata shi. Sai dai a dubi abin da aka auna: farashin kanti da farashin kantin nan dai. Ita kanta hukumar ta ƙara da cewa farashin kati ba kullum ne ya fi na sauran kantuna sauƙi ba. Mai kaya yana iya rage maka da gaske daga abin da ya saba, kuma ka fita ka tarar Aldi ko Lidl, waɗannan kantunan Jamusawa da ba su cika kwalliya ba, suna sayar da makamancinsa ƙasa da haka ba tare da buga ganga ba. Sa'an nan katin ba kyauta ba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da ka miƙa shi, ka ba da labarin gidanka: me kuke ci, yaushe albashi ke shigowa, ko an yi haihuwa, ko ana azumi. Tesco yana da kamfani sukutum, dunnhumby, wanda sana'arsa ita ce sarrafa irin wannan labari. Wanda kuma bai kai shekara 18 ba, ko baƙon da ya sauka shekaranjiya bai san dawan garin ba, shi ne zai biya farashin bare. A al'adarmu baƙo ake yi wa gyara. A nan shi ake yi wa ƙari.

Na san amsar da ake bayarwa, na ji ta har na gaji: babu wanda ya tilasta maka, komai a rubuce yake, ka karanta mana. Wannan magana tana ɗauka cewa mai saye da kanti kokawar tsara suke yi. A gefe guda ga matar da ta fito daga aikin dare, yaro a keke, wani yana jan zanenta, tana da minti 20 kafin motar haya ta wuce. A ɗaya gefen ga kamfanin da ya ɗauki ƙwararru aiki domin su nazarci inda idonta zai fara sauka. Shi ya sa kaya masu tsada suke daidai ido, masu sauƙi suke daidai gwiwa, madara take can ƙuryar ƙarshe domin ka ratsa komai kafin ka kai gare ta. In da wurin ajiye kaya ba ya juya hankalin mutum, da gwamnati ba ta hana manyan kantunan Ingila jera alewa da makamantanta a bakin ƙofa da ƙarshen layi da wurin biyan kuɗi ba tun daga watan Oktoban 2022. Kuma kasancewar abu bai karya doka ba ba ya wanke shi. Mai awon da ya karkatar da tiya kaɗan yana zuba maka hira mai daɗi, shi ma da wuya alƙali ya same shi da laifi.

Sai dai ba zan sauke kayan duka a kan Bature ba, domin akwai rabonmu a ciki. Akwai wata kunya marar tushe da ke bin mutanenmu har cikin kanti. Na ga masu kauce wa kayan da ke ɗauke da sunan kantin kansa, taliya ko gari ko tumatirin gwangwani, wai kada a ce sun gaza, su ɗauki mai sanannen suna a ninkin kuɗi. Na ga masu wucewa ta gaban kantar kayan da aka manna wa rawayar takarda da yamma suna satar kallo kamar masu wucewa ta gaban gidan surukai. Alhali a duk rangwamen da ke cikin ginin, wannan ne kaɗai dalilinsa yake a fili: kwanan kayan ya ƙarato, kanti ya gwammace ya karɓi rabi da ya zubar. Kwanan watan ma iri biyu ne, kuma da yawa ba su bambance ba. Wanda ya ce a yi amfani da abu kafin rana kaza, na lafiya ne, ana sa shi a kan nama da kifi da makamantansu, ba a wasa da shi. Ko dai a dafa a ranar ko a jefa a firiza kafin ta wuce. Wanda kuwa ya ce abu ya fi kyau kafin rana kaza, zancen ɗanɗano ne kawai, biskit ko shinkafa ba sa zama guba don an kwana biyu. Araha ba ta ado, haka ne, amma ban taɓa jin an yi ado da rasit ba.

Haka nan ba zan rufa wa shagunan 'yan'uwanmu asiri ba, irin waɗanda suka cika titin Rye Lane a unguwar Peckham da takwarorinsu a sauran birane. Suna da amfani ƙwarai: buhun shinkafa, citta, barkono, kanumfari da naman halal sau da yawa sun fi sauƙi a wurinsu da wurin 'yan Asiya, nesa ba kusa ba, in aka gwada da 'yan kwalaben yaji masu giram 30 ko 40 da babban kanti ke sayarwa. Hasali ma a cikin babban kantin, yajin da ke layin abincin ƙasashen waje yakan fi na layin kayan ƙamshi araha, abu iri ɗaya, taku ashirin tsakani. Amma a wasu shagunan namu za ka tarar da doya da kubewa da busasshen kifi babu farashi a jiki ko kaɗan, sai an dubi fuskarka da takalminka kafin a faɗa. An haɗa maka sharrin kasuwa biyu: babu rubutun Bature, babu kuma tayin gida, domin in ka taya sai a ce maka nan ba Najeriya ba ce. Kewar gida ma haja ce, kuma akwai masu sayar da ita da tsada.

Abin da nake nema daga masu doka a Ingila bai taka kara ya karya ba. A wajabta rubuta farashin kilo da girman da aka rubuta farashin ragi, da launi ɗaya, a layi ɗaya. A tsayar da ma'auni guda ga kowane nau'in kaya, kada tuffa ta zama ɗai-ɗai a hagu, kilo a dama. Duk wanda ya ja layi a kan tsohon farashi ya rubuta kwana nawa ya sayar a kansa, da kuma watan da ya yi hakan. Wanda ya rage nauyi ya sanar, kamar yadda ake yi a tsallaken ruwa a Faransa. Ba na tsammanin kantunan za su yi wannan da kansu. Tesco bai fara sa farashin kilo a kan kayan Clubcard ba sai a 2024, bayan da Which? ta kai ƙararsa gaban hukuma a shekarar da ta gabata, kuma har zuwa lokacin mai kati ba shi da hanyar sanin ko ragin da aka yi masa ya kai na ƙunshin da ke gefe sai ya ciro waya ya buga lissafi da kansa a tsakiyar layi.